Masu Gudu Ba Wanda Ya Koro Su

A ƙasar Hausa babba ba ya gudu sai da dalili. Ko gobara, ko ɓarawo, ko an ta da iƙama yana nesa da masallaci, wannan ɗin ma malamai sun ce a taho a natse. Shi ya sa duk magidancin da ya fito da gajeren wando bayan sallar asuba ya kama sassarfa a gefen titi, kafin ya sha kwanar unguwa mutum uku sun tambaye shi ko lafiya, na huɗu kuma ya waiga ya duba abin da ya biyo shi. Duk da haka kullum ƙaruwa suke yi. Ka fita ranar Asabar da sassafe a Abuja, ko kewayen filin sukuwa a Kano, ko Dandalin Murtala a Kaduna, za ka gan su ayari-ayari, ma'aikatan banki da likitoci da 'yan kasuwa, mutanen da kowannensu ya bar mota lafiyayya a gida, suna haki suna zufa.

Abin da da yawansu suka sa a gaba shi ne gudun fanfalaki, kilomita 42 da mita 195. Wannan ɓurɓushin na ƙarshe daga gasar Olamfik ta Landan ta 1908 ya samo asali, inda aka tashi daga fadar Windsor aka ƙare a gaban rumfar 'yan gidan sarauta a filin wasa, a 1921 kuma aka tsayar da nisan ya zama na kowa. Don haka duk wanda ya zube saura mita ɗari ya isa, ya san gidan da zai kai ƙara. Mu a nan babban taron shi ne na Legas, wanda ake yi tun 2016, galibi a watan Fabrairu. Hanyar da aka daɗe ana bi ita ce: a tashi daga babban filin wasa na Surulere, a haye gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, a ƙare a Eko Atlantic. Galibi 'yan Kenya da Habasha ne ke kwashe dalolin, su yi wanka, su karya kumallo, su ɗan kishingiɗa. Ba su nake nufi ba. Ina nufin dubban da a lokacin ba su ma ga rabin hanya ba.

Wanda ido ke fara faɗawa a kansa shi ne Mai Kaya. Tun bai yi gudun kilomita ɗaya ba ya riga ya kashe kuɗin babur. Takalminsa irin mai farantin kabon a cikin tafinsa ne, jinin Vaporfly ɗin nan da Nike ta fitar a 2017, wanda aka ce yana rage wa mai gudu kusan kashi 4 cikin ɗari na ƙarfin da yake kashewa. Mai Kaya ya haddace wannan lissafi. Abin da ya manta shi ne kashi huɗun sai akwai gudun da za a cire shi daga ciki. Yana da safa mai matse ƙwauri, da tabarau, da ɗamara mai aljifan gorunan ruwa, da ledojin wani abu mai danƙo da zaƙi da ake tsotsa a hanya, wanda yake tsotsa a falo yana kallon labarai don ciki ya saba. In ka gaya masa cewa Abebe Bikila na Habasha ya ci zinare a birnin Rum a 1960 ƙafa ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15, sai ya ce ai da ya sa irin nawa da ya fi haka. Abin haushi, wataƙila yana da gaskiya. Ba ya fita ranar ruwa saboda takalmin. Ba ya fita ranar ƙura saboda takalmin. An gaya masa irin wannan takalmi 'yan ɗaruruwan kilomita kawai yake yi ya mutu, shi ya sa yake tattalinsa, kuma a yadda yake tafiyar da lamarin, takalmin zai shiga rabon gado.

Mai Agogo ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, sai dai shi yana gudun. Matsalarsa ita ce bai yarda ya yi ba sai agogo ya shaida. Kafin ya tashi zai tsaya a ƙofar gida ya ɗaga hannu sama yana jiran agogon ya kamo tauraron ɗan Adam, har masu dawowa daga masallaci su ce amin. Idan batiri ya mutu a kilomita na goma sha biyar, to a wurinsa ranar bai fita ba, zufar da ya yi asara ce. Idan ya dawo gida agogo na nuna 9.87, ba zai shiga ba, zai yi ta kai da kawowa a bakin get, maigadi na binsa da ido, har ya kasa haƙuri ya ce, "Yallaɓai, wani abu ne ya faɗi? In taya ka nema?" In abokin gudunsa ya yi tuntuɓe ya faɗi zai taimaka masa, ba a musu, amma sai ya fara tsayar da agogo. Kafin zufa ta bushe ya ɗora taswirar gudun a manhajar Strava, yana jiran yabon wasu masu agogon da su ma nasa yabon suke jira. Da safe uwargida ta ce, "Ka tashi lafiya?" sai ya duba tsintsiyar hannu kafin ya ba ta amsa, domin agogon ne ya san ko ya yi barci.

Akwai Sabon Tuba. Wannan likita ne ya zaunar da shi ya nuna masa takardar gwajin sukari da ta hawan jini, ya ce ko ya motsa ko ya fara shirya wasiyya. Ya motsa, tumbi ya tafi, kuma tun daga ranar al'umma ba ta sake hutawa ba. Ka zauna kusa da shi a walima ba zai ce maka komai ba, faranti kawai zai kalla, sannan ya kalli cikinka, sannan ya sauke murya ya ce, "Ni ma da haka nake." Ban san jimlar da ta fi wannan ɓata wa mutum naman kaza a baki ba. Sai dai Allah ya haɗa shi da daidai shi a gida, domin a wajen dangi magidancin da ya rame ko ciwo ne ko bashi. Gwaggonsa za ta ja shi gefe ta ce, "Ɗan nan, in wani abu ne ka faɗa mana, ba a ɓoye wa 'yan uwa." Ya yi ta bayanin kitse da bugun zuciya, tana gyaɗa kai, washegari ta aiko da rubutu a gora da kwanon fura. Ni dai ina yi masa uzuri, don a cikin masu wa'azin da ba a gayyata ba, shi kaɗai ne hujjarsa ke tafe da shi a ramin bel.

Kafin a gane na gaba sai an san abin da masu gudu ke kira bango. Jikin mutum yana ajiye wani nau'in sukari a tsoka da hanta, kimanin abin da zai kai mai gudu kilomita 30 zuwa 35. In wannan ya ƙare sai jiki ya dogara ga kitse, shi kuwa kitse ba ya kamawa da sauri, kamar gas ya ƙare ana tsakar girki a koma hura ɗanyen itace. Nan ne ƙafa ke yin nauyi, kai ya ɗauki zafi, mutum ya fara tuno duk wanda ya ba shi shawarar yin rajista yana ƙulla masa sharri a zuci. Maganin da aka sani hawa uku ne. A shafe wata uku zuwa huɗu ana dogon gudu mako-mako, ana ƙara nisa sannu a hankali har a kai wajen kilomita 30. Sannan a sassauta atisaye mako biyu ko uku kafin ranar, jiki ya huta. Sannan a kwana biyu ko ukun ƙarshe a cika ciki da abinci mai sitaci don ajiyar ta cika.

Mai Lodi ya halarci wannan darasi, amma ya makara, hawa biyu na ƙarshe kawai ya tarar. Tseren na Fabrairu ne, shi ya fara sassautawa tun Nuwamba, lodi kuma tun kafin nan. Masa da safe, taliya da manja da rana, tuwon shinkafa da dare, gurasa tsakani don kada ajiya ta yi ƙasa. Ka yi magana ya ce, "Kimiyya ce, ba za ka gane ba." Ranar tsere kuwa ajiyarsa ta cika maƙil, ba wanda ya kai shi tanadi, sai dai bai taɓa isa inda ake buƙatarta ba.

A sahun gaba, daf da gwanaye, za ka ga Zakin Kilomita Uku. Matashi ne, shi ne lamba bakwai a kulob ɗin unguwa, kuma ya yi imani wanda ke tsere wa masu tsaron baya ba zai kasa tsere wa wasu siraran mutane ba. Ga lissafin da ba wanda ya yi masa. Lokacin da Kelvin Kiptum ya gama tseren Chicago a 2023 cikin awa 2 da daƙiƙa 35, yana cin kowace mita 100 cikin kimanin daƙiƙa 17 ne, kuma ya jera haka sau 422 ba hutu. Zaki zai iya guda ɗaya, har huɗu ma in kyamarar talabijin na kallonsa. Ana busa usur zai fice a guje, ya jera kafaɗa da 'yan Kenya, ya ɗaga wa kyamara yatsu biyu, 'yan unguwa su yi ihu a gidan kallo. A kilomita na uku za ka same shi zaune a bakin kwalbati ya cire takalmi ɗaya yana dubawa, sai ka ce laifin a ciki yake. Sauri ya haifi nawa. Amma ka tambaye shi shekara goma masu zuwa, zai ce ya taɓa jagorantar tseren Legas, kuma akwai hoto.

Mai Uzuri shi tun kafin a tashi ya gama rubuta rahoton faɗuwarsa. Jiya bai runtsa ba, gwiwa tana ɗan yi masa magana, shi yau rakiya kawai ya zo. In ya yi da kyau sai a ce duk da ciwo, in ya gaza dama ya faɗa. A cikin jakar uzurinsa akwai guda ɗaya na gaskiya, wanda duk ɗan Arewa ya kamata ya saurara. Mu da sanyin hunturu muke atisaye, Disamba da Janairu, iska busasshiya, zufa na fitowa tana bushewa tana sanyaya jiki. Ka sauka Legas a Fabrairu iska jiƙe take, zufar ba ta tafiya ko'ina, jiki ya yi ta ɗaukar zafi, kan gadar nan kuma ko inuwar tsuntsu babu. Sai dai 'yan Filato, waɗanda ke atisaye a sanyin tsaunukan Jos da Pankshin kuma su ne suka saba shigowa gaba a cikin 'yan Najeriya, da wannan iskar suke gudu, ba ka jin bakinsu.

To, duk wannan wahala da kuɗin mutum yake sayenta, kuma har yanzu bai amsa tambayar nan ta ko lafiya ba. Nan ne gidauniya ta shigo. Al'adar haɗa gudu da tara taimako ba inda ta yi ƙarfi irin Landan, inda tseren da aka fara a 1981 ya tara wa ƙungiyoyin agaji sama da fam biliyan ɗaya. Dabarar mai sauƙi ce: masu neman shiga sun ninka gurabe sau da yawa, ƙungiyoyin agaji kuma suna da nasu kason, sai su ba wanda ya yi alkawarin tara musu kuɗi, sau da yawa fam dubu biyu ko fiye. Shi ya sa ake ganin mutane cikin shigar karkanda suna haki, shi ya sa kuma a 2002 wani mai suna Lloyd Scott ya shiga cikin tsohuwar rigar masu nutso a teku, da hular ƙarfe da takalman dalma, ya gama bayan kwana biyar da 'yan awoyi. Akwai kuma wanda ba a wasa da labarinsa: Terry Fox na Kanada, wanda ciwon daji ya raba da ƙafa ɗaya, ya yi kwana 143 a 1980 yana gudu da ƙafar roba, ya ci kilomita 5,373 don tara kuɗin binciken cutar, ta dawo ta tsayar da shi, ya rasu a 1981 yana ɗan shekara 22. Mu da abin ya iso mu sai ya yi wani amfani na daban. Muddin ka ce don marayu kake yi, ko don rijiyar burtsatse a ƙauyenku, ko don matan da ke jiran aikin yoyon fitsari, waɗanda jiya suke nuna ka da baki yau za su ce Allah ya ba da lada. Gajeren wandon ma sai ya samu mutunci.

Mai Gidauniya na ainihi ba ya da kunya, kuma na daina ganin laifinsa. Zauren WhatsApp na dangi, na tsofaffin ɗalibai, na masallacin unguwa, duk ya mamaye. Da asuba hoton farcen ƙafarsa da ya yi baƙi, lambar asusu a ƙasa. Ka yi masa ta'aziyya ya amsa, ya ce af, ka ga saƙona kuwa? Mutane sun fara sauya layi in sun hango shi. Amma duk naira da ta shigo yana rubutawa, duk buhun siminti da rasiɗinsa, kuɗin motarsa da na masauki daga aljihunsa, kuma in ka je ƙauyen bayan damina za ka ga yara suna buga famfo.

Ɗan uwansa na nesa, Mai Gidauniyar Landan, shi ma rijiya ya ce zai haƙa, amma ya ga ba a gudun rijiya a gida, sai an ƙetare. Aka tara. Ya cire kuɗin biza, ya cire na jirgi, ya cire otal kwana shida don jiki ya saba da yanayi, ya cire takalmi irin na Mai Kaya, ya buga riguna ɗari da fuskarsa a ƙirji, sunan ƙauyen a ƙasa da rubutun da sai da tabarau. Abin da ya rage ya isa guga da igiya. In aka ce in ba ƙira me ya ci gawayi, sai ya ce ai wayar da kai ma aiki ne, yanzu duniya ta san ƙauyen ba su da ruwa. 'Yan ƙauyen dama sun sani.

Masu bayarwa su ma iri-iri ne. Mai Addu'a shi ne ya fi kowa saurin amsawa: hoton hannu biyu a ɗage, Allah ya ba da sa'a, ya tura saƙon wani zauren, ya ji a ransa ya sa hannun jari a ladan. Wanda ya fi ba da wahala shi ne Kawu Mai Lissafi. Zai saurare ka har ka gama, ya gyara zama, ya ce, "Yanzu kai, in na ba ka kuɗin nan ka zauna a gida ka huta, marayun ba za su karɓa ba ne?" Tambaya ce mai kyau, kuma na ga masu digiri biyu sun daskare a gabanta. Amsar ita ce marayun suna nan tun bara, lokacin ba wanda ke gudu, kuma Kawu bai aika komai ba. Ɗan Adam hannunsa ya fi saurin shiga aljihu in ya ga wani da ya sani yana shan wuya. Amma ba a faɗa wa kawu haka, sai dai ka ce gaskiya ne Kawu, ka tashi. Shi kuma ya riƙe kuɗinsa, tunda ya ci muhawara.

Mai Yanke tsohon gida ne. A gasar Olamfik ta 1904 a St. Louis, Fred Lorz ya hau mota ta kai shi wajen kilomita 17, ya sauka ya shigo fili na farko ana tafi, da asiri ya tonu ya ce wasa yake yi. A 1980 Rosie Ruiz ta karɓi kambin mata a Boston alhali daf da ƙarshe ta faɗo cikin tseren, aka ƙwace bayan kwana takwas. A 2007 Roberto Madrazo, wanda shekara guda kafin nan ya nemi shugabancin Meziko, ya shigo na farko a rukunin shekarunsa a Berlin yana ɗaga hannu, sai na'ura ta nuna akwai wuraren binciken da bai taka ba. Namu na gida da ɗan acaɓa yake hulɗa. Zai saɓule lambar ƙirjinsa ya cusa a wando, ya bi ta lungu, ya sauka inda ba jama'a, ya fasa ledar ruwa biyu a ka, ya shigo yana tangaɗi da ya fi na masu gaskiya kyau. Abin da ke kayar da shi shi ne ɗan ƙanƙanin abin da ke manne a bayan lambar, wanda ke yin rajista duk inda aka taka shimfiɗar awo. Sakamako zai fito a ga ya ɓace a kilomita na 15 ya ɓullo a na 35, tsakani kuma ya yi saurin da zai sa 'yan Kenya su koma noma. Ya ce iska ce ta turo shi ta baya.

Hajiya ba ta cikin masu hayaniya. Kafin ta fito ta dafa abin kari ta shirya 'yan makaranta. Da dogon wando da hijabi take gudu, ba agogo, ba tabarau, kuma ita ce ta fi kowa sanin bakin direbobin adaidaita sahu: "Hajiya, shigo in rage miki hanya, kyauta ne." Ba sabon abu ba ne. A 1967 wani jami'in tseren Boston ya biyo Kathrine Switzer a guje yana ƙoƙarin fizge lambarta mai 261, don a ganinsa mace ba ta da wuri a nan, kuma sai a 1984 aka sa gudun fanfalaki na mata a gasar Olamfik. Hajiya tafiyarta ɗaya ce daga farko har ƙarshe, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Wajen kilomita na 34 za ta iske Mai Agogo ya dafa ƙugu yana tafiya da ƙyar, ta rage murya cikin ladabi ta ce, "Sannu Alhaji, Allah ya ba da lafiya," ta wuce. Zai yafe wa kowa a duniya ban da wannan gaisuwar.

Bayanta kaɗan akwai Baba Tsohon Soja, da kambas ɗin da ba a san launinsa na asali ba. Bai san saurinsa ba, bai san shekarunsa ba, ya dai ce shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna aka yi masa kaciya, wato 1956. Fauja Singh da ya gama tseren Toronto a 2011 aka ce yana da shekara 100, masu kundin bajinta na Guinness ba su sa shi ba saboda ba takardar haihuwa. Baba ma ba shi da ita, kuma bai san akwai kundin ba. Ya gama, ya sha ruwa, ya tambayi inda alƙibla take.

Uwargida ba ta gudu, amma tana cikin lissafi. Wata huɗu ana tashinta ƙarfe huɗu da ƙarar agogo, ana shanya mata safa a kan ƙofar kicin, an ƙi zuwa bikin ƙanwarta saboda ranar ta dogon gudu ce. Da aka kawo mata lambar yabo ta juya ta, ta auna a tafin hannu, ta tambaya ko ana sayarwa.

Can baya, bayan kowa, ga Na Ƙarshe. Kowane babban tsere yana da lokacin rufewa da motar kwasar waɗanda suka gaza. A tseren Comrades na Afirka ta Kudu, da ake yi tun 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90, awa 12 na cika jami'i zai harba bindiga a tare ƙofa, ko taku ɗaya ya rage maka ba ka cikin waɗanda suka gama. Shizo Kanakuri na Japan kuwa zafi ya kayar da shi a tseren Stockholm a 1912, ya koma gida bai sallami kowa ba, sai a 1967 aka gayyato shi ya ƙarasa, aka rubuta masa shekara 54 da 'yan watanni. Namu bai kai haka ba, amma ya kama hanya. An buɗe titi, motocin haya sun dawo suna yi masa ham, an naɗe teburan ruwa, motar kwasa ta tsaya kusa da shi sau uku kwandasta na miƙo hannu. Cinyoyi sun saɓule, ƙwauri ya ɗaure. Da don kansa yake yi da tuni yana kujerar baya ya miƙe ƙafa. Amma akwai sunaye sittin a wayarsa, har da na tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin layi da ta ba da naira ɗari biyar, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Zai iso ana kwance rumfa, ya roƙi mai tattara kujeru ya ɗauke shi hoto.

Saura Mai Alkawari. Wannan babban mutum ne, a gaban jama'a ya ce duk kilomita ɗaya naira dubu biyar, domin ya kalli tumbin mai gudun ya yi lissafin dubu ashirin ta ishe shi fita kunya. Yanzu ga yaro ya zo yana ɗingishi, da lambar yabo a wuya da takarda a hannu: dubu ɗari biyu da goma.

"Sannu ɗana, Allah ya yi albarka. To amma duka ka gudu, ko akwai inda ka taka?"

"Ranka ya daɗe, daga kilomita na talatin da uku na ɗan riƙa haɗawa da tafiya."

"Yauwa. Ni gudu na yi alkawari. Tafiya ai kowa na yi, ni ma kullum ina zuwa masallaci ba wanda ke biyana. Sai mu sa waɗannan rabin kuɗi. Sannan an ce akwai gada."

"Akwai, ranka ya daɗe, kusan kilomita goma sha biyu."

"To ka gani. Wannan ai a kan ruwa ne, ba a ƙasa ba, sai na tambayi malamai. Wannan 'yar mita ɗari da casa'in da biyar kuma ka bar mini ita gyara."

Ya kira yaron gida ya ce a kawo wa baƙo lemo mai sanyi, ya ce a dawo bayan sallah. Bai faɗi wace sallar ba.